Kamaru da Abokan Hulɗarta: Abin da Kasuwar Briqueterie Ke Nunawa Game da Diflomasiyyar Ƙaramar Ƙasa

A ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa, ba faɗin ƙasa ko yawan jama'a kaɗai ake dubawa ba kafin a kira wata ƙasa ƙarama, domin abin da ya fi muhimmanci shi ne nauyinta idan aka ɗora ta a sikeli ɗaya da waɗanda take mu'amala da su. Jamhuriyar Kamaru tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 475,000 da jama'a da ke kusa da miliyan 30, amma idan ta zauna a teburi ɗaya da Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200, ko da Faransa wadda ke tsaya wa kuɗinta, ko da Sin wadda ke bin ta bashi mai yawa, ita ce ƙarama, kuma ita ce ke karɓar sharaɗi fiye da yadda take gindaya shi. Idan kuwa ta juya wajen Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, waɗanda ba su da gaɓar teku sai sun ratsa ƙasarta, ita ce babba mai riƙe da ƙofa. Wannan matsayi na tsaka-tsaki shi ya tsara manufofinta na waje tun daga samun 'yancin kai a ranar 1 ga Janairun 1960.

Mafi yawan masu sharhi suna auna waɗannan manufofi ne daga fadar shugaban ƙasa da ke Etoudi ko daga ma'aikatar harkokin waje, alhali akwai wurin da ya fi waɗannan nuna sakamakon manufofin a zahiri, wato unguwar Briqueterie da ke cikin gunduma ta biyu ta birnin Yawunde. Wannan ita ce tsohuwar unguwar Hausawa, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Bamun da 'yan Nijar da 'yan Mali da 'yan Senigal suke zaune ƙofa da ƙofa, kuma inda kusan kowace haja da ke kan teburi, daga shadda zuwa albasa, sai da ta tsallaka aƙalla iyaka ɗaya ko ta bi wata hanya da yarjejeniyar ƙasashe ta shimfiɗa. Wanda ya nazarci unguwar zai ga cewa Kamaru ta ƙware wajen neman haƙƙinta a gaban shari'a da kuma tara abokai na nesa, amma ta bar hulɗarta da maƙwabciyarta mafi girma a hannun 'yan kasuwa, ba tare da ta ba su kariya ko sauƙin da ya dace da nauyin da suke ɗauke da shi ba.

Cinikin da ke tsakanin ƙasar Hausa da wannan yanki ya girmi iyakokin da ake tsaro a yau. Fatake sun daɗe suna bin hanyar Yola da Garwa da Ngaundere da Tibati suna neman hauren giwa da goro, kuma bayan da Jamusawa suka kafa mulkinsu a gaɓar teku a 1884 suka kuma kafa sansani a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, wasu Hausawa sun iso kudu a matsayin 'yan kasuwa, wasu kuma a matsayin sojojin haya. Da Jamus ta sha kaye a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairun 1961 ta sake yanka ɓangaren Ingila gida biyu: kudu ya zaɓi haɗewa da Kamaru, arewa kuwa, wanda ya ƙunshi Mubi da Gwoza da Dikwa da tsaunin Mambila, ya zaɓi Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. Ta haka ne dangi ɗaya suka wayi gari da fasfo biyu da kuɗi biyu da harshen gwamnati biyu, ba tare da auratayya ko ciniki ya tsaya tsakaninsu ba.

Yadda Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan asalin Garwa, ya tunkari wannan rashi shi ya zama tushen salon diflomasiyyar ƙasar. Ya ji zafin al'amarin har ya ayyana ranar 1 ga Yuni a matsayin ranar makoki ta ƙasa, amma maimakon ya tura soja sai ya kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague, wadda ke sauraron shari'o'i tsakanin ƙasashe, kuma ko da kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ainihin ƙarar a watan Disamban 1963, bai canja hanya ba. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, sa'ad da Gabon da Kwaddibuwa suka amince da Biyafara, Faransa kuma take tausaya mata a fili, Ahijo ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, saboda ya san cewa ƙasar da aka ɗinke daga yanki mai Faransanci da yanki mai Ingilishi ba za ta goyi bayan ɓallewa a gidan maƙwabci ta zauna lafiya a nata ba. Amincin da wannan matsayi ya haifar shi ya kai ga Sanarwar Marwa ta ranar 1 ga Yunin 1975, wadda shugabannin biyu suka shata wani ɓangare na iyakar teku a cikinta.

Rikicin yankin Bakassi tsakanin Kamaru da Nijeriya ya gwada wannan salo gwaji mafi tsanani, kuma ya tabbatar da amfaninsa. Bayan arangamar sojoji a farkon shekarun 1990, gwamnatin Shugaba Paul Biya, wanda ya gaji Ahijo a watan Nuwamban 1982, ta shigar da ƙara a 1994, Kotun Duniya kuma ta ba Kamaru yankin a ranar 10 ga Oktoban 2002. Hukunci a kan takarda ba ya fitar da sojan ƙasar da ta fi ƙarfi, don haka sai da aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma sa hannu a Yarjejeniyar Greentree a ranar 12 ga Yunin 2006 tsakanin Biya da shugaban Nijeriya na lokacin Olusegun Obasanjo a gaban Kofi Annan, babban sakataren Majalisar a wancan lokaci, tare da wakilan Amurka da Ingila da Faransa da Jamus a matsayin shaidu, kafin a kammala miƙa yankin a birnin Kalaba a ranar 14 ga Agustan 2008. Darasin da ke ciki shi ne cewa ƙaramar ƙasa takan yi nasara idan ta mayar da gardama daga filin da ƙarfi ke hukunci zuwa filin da hujja ke hukunci, ta kuma gayyato manyan shaidu waɗanda babbar ƙasar ba za ta so ta ji kunya a gabansu ba.

Makami na biyu shi ne yawan abokai, wato ƙin jingina da ƙasa ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Kamaru ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a watan Maris na 1971, ta fice daga kamfanin jiragen sama na Air Afrique a wannan shekarar ta kafa nata, ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1974, ta maido da hulɗa da Isra'ila a 1986 bayan yankewar 1973, ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1995 ba tare da ta bar ta masu amfani da Faransanci ba, sannan ta sa hannu a yarjejeniyar soja da Rasha a watan Afrilun 2022, a daidai lokacin da ƙasashen Yamma ke ƙaurace wa Mosko. Mazaunin Briqueterie yana iya ganin wannan manufa da idonsa ba tare da ya shiga mota ba, domin a gefen unguwar, a mahaɗar Warda, akwai babban zauren wasanni da Sin ta gina aka buɗe a 2009, a unguwar Tsinga kuma akwai babban masallaci da cibiyar Musulunci da Saudiyya ta gina a zamanin Sarki Fahad, sannan a kan tsaunin da ke kallon yankin akwai zauren taro na ƙasa wanda shi ma aikin Sin ne na farkon shekarun 1980.

Sai dai yawan abokai yana da nasa farashin, kuma yawanci bashi ne. An yafe wa Kamaru babban kaso na bashinta na waje a 2006 a ƙarƙashin shirin sauƙaƙa wa ƙasashe matalauta masu nauyin bashi, amma cikin shekaru kaɗan ta sake cin sabo domin manyan ayyuka, irin su tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Kribi wadda bankin Exim na Sin ya ba da rancenta, kamfanin Sin ya gina ta, ta kuma fara aiki a 2018, har Sin ta zama ƙasar da ta fi kowace bin Kamaru bashi. Faɗuwar farashin man fetur ta sa gwamnati ta koma ga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2017, ta sake komawa a 2021, kowane zuwa kuma da sharuɗɗansa a kan haraji da tallafin mai. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne ƙarin farashin mai da ƙarin haraji waɗanda ke sauka a kan mai shago da mai tasi. Haka kuma abokin nesa yana iya janye hannunsa a duk lokacin da ya ga dama, kamar yadda Amurka ta cire Kamaru daga shirin AGOA, wanda ke ba kayan wasu ƙasashen Afirka damar shiga kasuwarta ba tare da haraji ba, daga watan Janairun 2020, bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam.

Batun kuɗi shi ne inda ƙanƙantar ƙasar ta fi fitowa fili. Kamaru tana amfani da sefa tare da ƙasashe biyar na ƙungiyar CEMAC, wato Chadi da Afirka ta Tsakiya da Kongo da Gabon da Ikwatoriyal Gini, babban bankinsu na BEAC kuma yana da hedikwata a Yawunde. An ɗaure darajar sefa da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, Faransa ce ke ba da tabbacin canjin, a madadin haka kuma ana ajiye rabin kuɗaɗen ƙetare na yankin a baitulmalinta. Amfanin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya kwatanta shi da naira, domin ɗan kasuwar da ya ajiye jarinsa a sefa ba ya kwana da fargabar wayar gari ya tarar da rabinsa ya narke. Illarsa kuma tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta da ita ba, tun daga watan Janairun 1994 lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, bisa shawarar da aka yanke a Dakar ƙarƙashin matsin Faransa da Asusun Lamuni, kayan da ake shigowa da su suka ninka kuɗi, ba tare da an tambayi mai saye ko mai sayarwa ba.

Shagon tela a Briqueterie ya isa ya bayyana yadda cinikin ƙasar da abokanta na nesa yake tafiya. Shaddar da ya shimfiɗa a kan teburi, idan mai tsada ce, ta kamfanin Getzner ce ta ƙasar Ostiriya, idan mai araha ce daga Sin ta fito. Keken da yake yi wa wuyan riga aiki da shi da zaren da ke cikinsa yawanci daga Asiya suke. Audugar da ake nomawa a kewayen Garwa da Marwa ƙarƙashin kamfanin Sodecoton kuwa, mafi yawanta ɗanya ake loda ta a jirgin ruwa zuwa masaƙun Asiya, yayin da masaƙar gida ta CICAM take fama da gasar atamfa mai rahusa. Wannan shi ne fasalin tattalin arzikin baki ɗaya: ɗanyen mai da koko da katako da auduga da ayaba suna fita, sarrafaffun kaya suna shigowa. Yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai, wadda Kamaru ta sa wa hannu ita kaɗai a yankin CEMAC a 2009 kuma aka fara rage harajin kayan Turai a ƙarƙashinta a watan Agustan 2016, ta kare wa ayaba da wasu kayan gona kasuwarsu a Turai, amma ta ƙara buɗe ƙofa ga kayan da masana'antun gida ba su da ƙarfin yin gasa da su, ta kuma ɓata wa maƙwabta rai saboda ta raba kan yankin da ke da harajin waje na bai-ɗaya.

A wajen maƙwabtan da ba su da teku, Kamaru ce ke cin moriyar matsayinta. Yawancin kayan da ke shiga Chadi da Afirka ta Tsakiya ta tashar Duwala suke bi, wasu su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan manyan motoci su ƙarasa da su Njamena ko Bangi. Bututun mai mai tsawon kilomita 1,070 da ya taso daga Doba a Chadi zuwa Kribi, wanda ya fara aiki a 2003, yana kawo wa baitulmalin Kamaru kuɗin wucewa a kan kowace ganga. Hanyar Ngaundere ce kuma ke kawo shanu daga yankin Adamawa na Kamaru da Chadi zuwa mayankar Yawunde, inda mai tsire na Briqueterie ke sayen naman da zai yanka falle-falle, ya shafe shi da ƙuli-ƙuli da yaji, ya jera shi a bakin wuta da yamma tare da albasar Marwa, ma'aikatan gwamnati da baƙi suna layi a gabansa. Amma riƙe ƙofa yana buƙatar ladabi irin wanda ƙaramar ƙasa ke nema daga manya, kuma janye jakadan Chadi daga Yawunde a watan Afrilun 2023, saboda saɓani a kan hannun jarin kamfanin da ke kula da bututun, ya nuna cewa maƙwabcin da ya ji an raina shi zai fara neman wata ƙofar.

Raunin da ya fi girma yana ɓangaren yamma, inda iyaka mai tsawon kimanin kilomita 2,000 ta haɗa Kamaru da Nijeriya. Ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyoyin tattalin arziki daban-daban, Nijeriya a ECOWAS, Kamaru a CEMAC, don haka rangwamen harajin da kowace ke yi wa 'yan ƙungiyarta bai shafi ɗayar ba, ko da yake yarjejeniya tun ta shekarun 1960 ta ba 'yan ƙasashen damar ziyartar juna ba tare da biza ba. Ɗan kasuwar Briqueterie da ke sarin yadi a Kantin Kwari a Kano yakan miƙa sefarsa ga ɗan canji, wani ɗan canjin ya ba shi naira a can bisa amana da kiran waya, kayan kuma su biyo ta Mubi ko Yola zuwa Garwa da Ngaundere har Yawunde, suna tsayawa a shingen duwan da na jandarma da na 'yan sanda, kowane shinge da abin da ake ajiyewa. Babban ɓangare na wannan ciniki ba ya shiga kundin ƙididdiga, saboda haka idan jami'ai suka zauna tattaunawa sukan ɗauki abin da ke rubuce a matsayin dukkan abin da ke akwai, su raina hulɗar da ta fi kowace taɓa rayuwar talaka.

Sakamakon wannan sakaci shi ne duk girgizar da ta taso daga Nijeriya takan iso Kamaru ba tare da wani shiri ba. Rikicin Boko Haram, wanda Biya ya ayyana yaƙi da shi a taron Paris na watan Mayun 2014, ya durƙusar da kasuwannin Banki da Amchide da Gamboru da Fotokol na tsawon shekaru, ya kuma cika sansanin Minawao da 'yan gudun hijira. Rufe iyakokin tudu da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya tsayar da kayan mutane da yawa a hanya, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma ya tayar da farashin zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi a jarkoki, wanda arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da shi. Girgizar takan bi ta ɗaya ɓangaren ma, domin sakin ruwa daga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ambaliyar 2012 da ta 2022 a Nijeriya, inda madatsar Dasin Hausa da aka tsara don tare ruwan ba ta kammalu ba har yau. A fannin tsaro ne kawai haɗin kan ya yi ƙarfi, ta hanyar rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi da kuma miƙa wa Kamaru jagororin 'yan awaren yankinta mai Ingilishi da aka kama a Abuja a watan Janairun 2018, wanda ke nuna cewa gwamnatocin biyu suna iya aiki tare cikin hanzari idan abin ya shafi kujerar mulki.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa ƙaramar ƙasa da ta buɗe iyakarta ga maƙwabciya mai ninkin jama'arta sau bakwai za ta ga kayan maƙwabciyar sun mamaye kasuwarta, musamman a lokacin da naira ta faɗi kayan Nijeriya suka yi araha, kuma hanyar da yadi ke bi ita ce makamai da miyagun ƙwayoyi ke bi. Amsar ita ce kayan suna shigowa ko an so ko ba a so ba, bambancin kawai shi ne kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali yana ƙarewa a aljihun masu tsaron shinge, kuma ɗan kasuwar da aka tilasta wa bin hanyar daji ba shi da dalilin gaya wa hukuma abin da ya gani a can. Cinikin da aka yi wa rajista, aka sanya masa haraji mai sauƙi da aka sani tun kafin a taso, ya fi ba da kuɗin shiga, ya kuma fi ba da bayanan tsaro, fiye da wanda aka haramta a baki aka halatta a ɓoye.

Kayan aikin gyara suna nan a ƙasa. Ƙasashen biyu sun amince da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda za ta iya cike giɓin da ke tsakanin ECOWAS da CEMAC idan aka aiwatar da ita da gaske. Gadar da aka buɗe a kan kogin Kuros tsakanin Mfum da Ekok a watan Nuwamban 2022, tare da ofishin iyaka na haɗin gwiwa, misali ne da ya kamata a maimaita a hanyoyin arewa da ke haɗa Mubi da Yola da Garwa, da Maiduguri da Kuseri. Masana'antar siminti ta Dangote da ta fara aiki a Duwala a 2015 ta nuna cewa jarin maƙwabci yana iya kafa masana'anta a cikin gida maimakon ya tsaya ga turo kaya. Abin da ya rage shi ne a samar da halastacciyar hanyar biyan kuɗi tsakanin naira da sefa wadda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya amfani da ita, a sauƙaƙa takardun fito ga mai ɗan ƙaramin kaya, a rage shingaye a kan manyan hanyoyi, a daidaita kuɗin takardar zama ga baƙin da suka daɗe suna sana'a, a kuma sanya wakilan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na dillalan shanu a cikin zaman hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu.

Kamaru ta nuna cewa ƙaramar ƙasa tana iya karɓar yanki daga hannun babba ta hanyar haƙuri da hujja cikin shekaru 14, daga shigar da ƙara a 1994 zuwa miƙa Bakassi a 2008. Wannan haƙuri da wannan ƙwarewa ba a taɓa ba cinikin kan iyaka irinsu ba, alhali shi ne ke ciyar da gidaje daga Kuseri har Yawunde. Muddin ana ɗaukar bashin nesa a matsayin babbar nasarar diflomasiyya, ana kuma kallon fataucin kusa a matsayin matsalar 'yan sanda, ƙasar za ta ci gaba da biyan kuɗin ruwa ga waɗanda ke nesa tana asarar kuɗin shiga daga waɗanda ke kusa, kuma gyaran wannan lissafi yana hannun Yawunde da Abuja, ba ya buƙatar izinin Paris ko Beijin.